Yadda Nake Koya wa Sabon Injiniya Riƙon Na'urorin Asibiti

Kowace shekara ana turo mana matasa biyu ko uku sashen kula da na'urorin asibiti, wasu 'yan hidimar ƙasa, wasu ɗalibai masu neman sanin makamar aiki. Ranar farko ba na ba kowa sukundireba. Littafi da biro nake miƙa masa, in ce ya biyo ni ɗakin yara. A can zan tsaya gaban na'urar tace iskar oksijin, wadda ma'aikata suke kira kwansantireta, in tambaye shi ko tana aiki. Zai kasa kunne ya ji gurnaninta, ya ga koriyar fitila a kunne, ya ga ɗan ƙwallon nan na cikin gilashi yana tsaye a kan lita 2, ya ce mini lafiyarta ƙalau. Sai in ciro ma'aunin oksijin daga aljihuna in jona a bakinta, mu jira lamba ta fito.

Wani dare ne a shekarata ta biyu da fara aiki ya jawo wannan al'ada. Sistar da ke aikin dare ta aiko a taso ni, ta ce: "Injiniya, duba mana injin nan. Yaron nan ya fi awa biyu a kan iska, amma oksijin ɗinsa ya ƙi hawa." Yaro ne ɗan wata takwas mai nimoniya, haƙarƙarinsa na lotsawa da kowane numfashi, mahaifiyarsa na zaune a bakin gado ta kasa ko kallonmu. Na duba waya, na duba roba, na sa hannu na ji iska na fita, na ce wa Sista injin ba shi da laifi. Ba ta yi musu da ni ba. Ta sa aka gangaro da silinda daga wani ɗaki aka mayar da yaron kanta, kafin a jima lambar ta fara hawa. Bayan kwana biyu na aro ma'auni na gwada na'urar, na tarar abin da take fitarwa bai kai kashi 40 cikin 100 ba. Allah ya yi yaron yana da sauran kwana, kuma ta hannun Sista ya tsira. Ni kuwa na ba da shaida a kan abin da ban auna ba, kuma har yau abin yana tsaye mini a rai.

Saboda haka abin da zan faɗa maka a nan, kai ko ke da za ku shigo wannan aiki, kusan duk a kan awo yake tafiya.

Ka fara da ƙidaya. Kafin ka kwance ko da ƙusa ɗaya, ka zaga asibitin ɗaki-ɗaki, har da sito da bayan ɗakin tiyata inda ake jibge abin da ya mutu. Kowace na'ura ka rubuta sunanta, kamfanin da ya ƙera ta, samfurinta, lambarta da ke jikin farantin baya, wutar da take ci, ɗakin da take, da halin da ka same ta. Ka ba ta lamba taka ta cikin gida, ka rubuta a jikinta da alƙalamin da ba ya gogewa. Aiki ne mai gajiyarwa, a asibiti mai gado ɗari biyu yakan ci maka sati uku. Amma ranar da shugaban asibiti ya tambaye ka na'urar zuƙe majina nawa ce mai rai, kai kaɗai za ka iya ba shi amsa ba da ka ba. A 2011 wasu masu bincike biyu daga Jami'ar Duke ta Amurka, Perry da Malkin, sun tattara bayanan na'urori sama da 112,000 a ƙasashe 16 masu tasowa, suka samu wajen kashi 38 cikin 100 ba sa aiki. Idan ka gama ƙidayarka ta farko za ka ga inda naka asibitin ya faɗa. Za ka kuma lura da yawa cikin matattun nan ƙaramin abu ne ya kwantar da su: wayar wuta ta ɓata, batir ya mutu, ko wanda ya iya sarrafa ta an yi masa canjin wurin aiki.

Kowace na'ura ta samu shafinta. Duk abin da ka yi mata, ko goge ƙura ne, ka rubuta da kwanan wata. Ko a kwamfuta kake ajiya, ka riƙe na takarda, don wanda zai gaje ka ba lallai ya samu kwamfutarka ba.

Daga nan sai wuta, don ita ce take kashe mana kaya fiye da komai. A ƙa'ida wutar Najeriya bolt 230 ce, mai bugu 50 a daƙiƙa. Ka ɗauki mitarka ka bi soket-soket na ɗakunan da rai ke rataye, wato ɗakin jarirai, ɗakin tiyata, ɗakin haihuwa da na gaggawa. Ka auna tsakanin mai wuta da maras wuta, sannan tsakanin mai wuta da wayar ƙasa, ya kamata su zo kusan ɗaya. Tsakanin maras wuta da wayar ƙasa kuwa kusan sifiri ake so. Za ka sha mamakin yawan soket ɗin da ramin na uku ado ne kawai, babu waya a bayansa. Ka maimaita awon da rana a wutar NEPA, da dare, da kuma lokacin da janareta ke aiki, saboda ba hali ɗaya suke da shi ba. Lokacin da ya fi haɗari shi ne sa'ad da ake juyawa daga wannan zuwa wancan. Duk na'ura mai kwampireso, wato injin matse iska, irin su kwansantireta da firjin allurar rigakafi, ka sa mata sitabilaiza mai jinkiri, wadda za ta dakata kamar minti uku kafin ta sake mata wuta. Kwampireso da aka tayar nan take alhali matsin iska bai sauka ba yana jan wuta mai yawa, kuma haka yake ƙonewa.

Ka riƙa karanta farantin baya kafin ka jona sabon abu. Kayan da suka fito daga Amurka galibi na bolt 120 ne, masu bugu 60. Ka cusa su a namu soket, hayaƙi ne zai biyo baya. Ko ka sa musu taransifoma ta rage bolt, ba ta canza bugun, don haka motar da ke ciki za ta riƙa juyawa a hankali tana ɗaukar zafi. Fis kuma idan ya ƙone, ka duba rubutun kansa ka sa irinsa daidai, da amfiyarsa da harafinsa: T mai jinkirin tsinkewa ne, F mai saurin tsinkewa. Idan sabon ya sake ƙonewa, akwai abin da ke cinye shi, ka nemo. Ɗaura silin waya a madadin fis abu ne da na haramta a sashenmu, ko da likita na tsaye a kanka yana jira.

Batir ma ka sa masa ido. Ƙananan batiran nan na bolt 12 da ke cikin na'urorin sa ido da na zuƙe majina an yi lissafin rayuwarsu ne a kan zafin digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 10 yana rage ta da kusan rabi. Ka tuna yadda ɗakunanmu suke a watan Afrilu. Sau ɗaya a wata ka zare na'urar daga bango ka duba agogo, ka ga minti nawa za ta riƙe.

Yanzu bari in koma kan kwansantireta in daɗe a kanta, domin ita ce na fi so ka ƙware a kai kafin komai. Iskar da muke shaƙa kashi 21 ce oksijin, kashi 78 naitirojin. Na'urar tana zuƙo iskar ɗaki ta cikin matata, kwampireso ya matse ta, ya tura ta cikin ɗaya daga wasu gwangwanaye biyu da aka cika da ƙananan tsakuwoyi masu suna ziyolait. Idan akwai matsi, tsakuwar tana riƙe naitirojin ta bar oksijin ya wuce. Bayan 'yan daƙiƙu sai bawul ya juya iskar zuwa gwangwani na biyu, na farkon ya saki naitirojin ɗinsa waje. Wannan "fushhh" da kake ji lokaci-lokaci ke nan. Ka saba da sautinsa, don idan ya canza ko ya ɗauke, bawul ne ke ba ka labari. Na'ura mai lafiya tana ba da kashi 90 zuwa sama. Idan ta sauka ƙasa da 82, ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya take bi ita ce ta yi ƙarar gargaɗi, kai kuma ka janye ta daga kan majiyyaci. Sai dai akwai tsofaffi da masu araha da ba su da wannan gargaɗin sam. Irinsu ce ta yaudare ni a daren nan. Ƙwallon gilashi yawan iskar da ke fita kawai yake nunawa, bai san ko oksijin ba ce ko iskar ɗaki.

Ga yadda nake gwada ta. In kunna in bar ta ta yi kamar minti goma. Kafin nan in riƙe ma'aunina a iskar ɗaki in tabbatar ya nuna 20.9, in bai nuna ba in daidaita shi. Sai in cire kwalbar ruwan da ke jiƙa iskar in jona ma'aunin kai tsaye, in auna a lita 2, sannan a ƙarshen ƙarfinta, lita 5 ko 10 gwargwadon samfurinta. Na'urar da tsakuwarta ta fara gajiya takan yi kyau a ƙaramar lita, ta faɗi a babba, shi ya sa awo ɗaya ba ya isa. In rubuta sakamakon tare da adadin awannin da agogonta ya nuna, a littafi da kuma a takardar da na manna a jikinta. Idan asibitinku ba shi da wannan ma'auni, shi ne abu na farko da za ka nema a saya maka, ka yi ta naci har a gaji da kai.

Abokan gabarta biyu ne, kuma kowanne da lokacinsa. Da hunturu ƙura ce. Soson da ke bayanta ko gefenta ana wanke shi duk sati da ruwa da sabulu, amma daga Disamba zuwa Fabrairu ni sau biyu nake sa a wanke. Ka tanadi soso biyu ga kowace na'ura, ɗaya na aiki ɗaya na shanya, don kada a mayar da jiƙaƙƙe. Da damina kuwa laima ce. Ziyolait na shan danshi, in ya sha ya daina riƙe naitirojin, kuma ba ya dawowa, sai dai a sauya gwangwanayen. Abin da mutane ba su sani ba, na'urar da aka ajiye a sito ana tattalinta ita ma tana lalacewa ta wannan hanya. Duk wadda ba ta kan aiki, ka kunna ta rabin awa kowane sati. Ka janye ta daga bango da labule kamar tsawon kamu ɗaya da rabi ta samu iska, kuma ka roƙi masu jinya kada su ɗora mata kwano ko zani.

Sau da yawa kuma na'urar ƙalau take, a hanya iskar ke zubewa. Murfin kwalbar ruwa da aka ɗaura a karkace ya fi komai yawan jawo haka. Ka tsoma bakin robar hanci a kofin ruwa mai tsabta: in babu kumfa, iskar ba ta isa ga yaro. Sannan kada maiko ko man shafawa ya kusanci duk inda oksijin ke bi, musamman kan silinda, don haɗuwarsu gobara ce. Na taɓa tarar da wani ya shafa wa makunnin silinda baƙin mai saboda ya yi tauri. Da kyakkyawar niyya ya yi, ba wanda ya taɓa gaya masa ne.

Idan aka kira ka gyara, kada ka fara da buɗe ciki. Ka fara da gaisuwa da tambaya. "Sista, ina kwana, ya aiki? Me ta yi? Tun yaushe? Me ake yi lokacin da ta tsaya?" Malaman jinya suna tare da na'urar nan dare da rana, sun san ranar da sautinta ya canza. In ka shigo da fuskar neman mai laifi, za su ce maka "haka muka same ta", kuma daga ranar duk abin da ya lalace za a tura shi ƙarƙashin gado a yi shiru. In kuwa suka gane kai mai rufa asiri ne, su za su riƙa kiranka tun abu yana ƙarami. Bayan tambaya sai ka bi daga waje zuwa ciki: soket, waya, fis, makunni, batir, robobi da wayoyin da ke zuwa jikin majiyyaci, sannan saitin da aka yi mata. Sai duk waɗannan sun fita kafin ka ɗauko sukundireba. Ma'aunin oksijin na yatsa misali ne mai kyau. Haske biyu yake harbawa ta cikin yatsa, ja da wani da ido ba ya gani, ya lissafa daga abin da jini ya shanye. Yatsa mai sanyi, motsin yaro, hasken rana a kansa, jan farce ko baƙin lalle mai kauri duk suna iya rikita shi. Kafin ka ce ya mutu, ka gwada a naka yatsan. Wayarsa kuma galibi a gindi take karyewa, inda ake naɗe ta da ƙarfi.

In ka buɗe, ka ɗauki hoto da wayarka a kowane mataki, ka zuba ƙusoshi a murfin kwalba. Ka yi amfani da hanci da ido kafin mita: ƙauri, kafasita da ta kumbura, dalma da ta tsage, kashin ɓera. Ƙananan kayan lantarki kana samunsu a Sabon Gari a Kano ko Alaba a Legas, ka dai tafi da tsohon a hannu.

Ka tsare kanka. Na'urar da ta fito daga ɗakin marasa lafiya ka ɗauka akwai jini ko majina a jikinta ko ba ka gani ba. Safar hannu, takunkumi, gogewa da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin ta hau teburinka, kuma kada ka ci abinci a kan teburin nan. Ka yi allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B tun satin farko. A ƙasar da zazzaɓin Lassa ke tashi duk rani, injin zuƙe majina ba abin wasa ba ne. Na'urar farfaɗo da zuciya tana da kafasita da ke tara wutar da za ta iya kashe mutum ko bayan an zare ta daga bango, don haka ba a sa mata hannu sai an sauke wutar yadda littafinta ya ce. Ka kuma tsare majiyyaci. Mutumin da aka jona wa wayoyi a ƙirji, ko aka sa wa roba har cikin jijiya, 'yar wutar da kai ba za ka ji ba tana iya taɓa zuciyarsa. Bayan kowane gyara ka auna daga ƙarfen ƙasa na fulogi zuwa ƙarfen jikin na'ura. Ƙa'idar IEC 62353, wadda ake bi wajen gwajin bayan gyara, ba ta yarda ya wuce om 0.3 ba idan an haɗa da wayar. Duk wayar da aka karye wa ƙafa ta uku don ta shiga soket, ka yanke ta a gaban kowa ka sa sabuwa.

Akwai kuma abin da ba naka ba ne. Cikin injin hoton ƙashi, da injinan hoton cikin jiki irin su sitisikan da MRI, aikin wanda kamfani ya horar ne, naka shi ne kula da wutarsu, sanyin ɗakinsu da takardun yarjejeniyar gyaransu. Kayan da ke fitar da tururin radiyeshan a Najeriya hukumar NNRA ce ke ba da lasisinsu. Maganaɗisun MRI kuwa ba ya mutuwa ko an ɗauke wuta. A 2001 a jihar New York wani yaro ɗan shekara 6 ya rasu bayan maganaɗisun ya fizgo silindar oksijin ta ƙarfe ta buge shi a ka. Kada akwatin kayan aikinka ya tsallaka ƙofar ɗakin nan.

Ɗakin jarirai shi ne wuri na biyu da nake son ka fi yawan zama. Kwalbar da ake sa bakwaini aikinta ta riƙe jikinsa tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Kada ka gaskata lambar da ke fuskarta. Ka sa naka ma'aunin zafin a tsakiyar katifa, ba jariri a ciki, ka rufe ka ba ta awa guda, ka kwatanta. Ka gwada ƙarar gargaɗin zafi, ka ji fankar ciki na juyawa, ka duba mazubin ruwa don ƙwayoyin cuta na son kwanciya a can. Ka nuna wa sababbin ma'aikata cewa idan ɗan wayar da ake mannawa a cikin jariri ya ɓalle, na'urar za ta ɗauka sanyi yake ji, ta yi ta ƙara wuta.

Fitilar shawara ita ce 'yar'uwar kwansantireta wajen yaudarar ido. Shuɗin haske mai tsawon zango wajen nanomita 460 zuwa 490 shi ke farfasa sinadarin bilirubin a fatar jariri, kuma ana son ƙarfinsa ya kai 30 a ma'aunin hasken idan magani mai ƙarfi ake nufi. Dogon ƙwai yana ci gaba da haske shuɗi shar bayan ƙarfinsa na magani ya tafi. Uwa na gani ta ce ana yi wa ɗanta magani, likita na gani ya rubuta haka, shawarar kuwa tana hawa, in ta kai ƙwaƙwalwa ta bar yaro da kurumta ko nakasar da ba ta warkewa. Ka rubuta ranar da aka sa kowane ƙwai, ka lissafa awanninsa, ka sauya a adadin da kamfani ya faɗa. Farin ƙwai da aka shafa wa shuɗin fenti ba magani ba ne. In ana sayen sabuwa, ka ba da shawarar mai ƙananan fitilun LED, sun fi daɗewa kuma ba sa cin wuta.

Tukunyar turara kayan tiyata digiri 121 take bukata na aƙalla minti 15, ko 134 na 'yan mintuna, kuma sai an kori iskar ciki tukuna tururi ya ratsa ko'ina. Ruwan burtsatse yana daskarar da farin gishiri a kan abin dumama ruwan har ya ƙone shi, a riƙa zuba tataccen ruwa. Zanen da ke baƙi a kan tef ɗin da ake manna wa kayan yana nuna kayan sun ji zafi ne kawai, bai tabbatar komai ya mutu ba. Bawul ɗin tsaro kuma ba a ɗaure shi don yana huci. Ma'aunin hawan jini mai allura, ka gwada shi da wani tabbatacce duk wata shida, in ya kauce fiye da mmHg 3 ka janye shi, don da shi ake yanke hukunci a kan mai juna biyu.

Wata rana za a kira ka a ce ga kyauta ta zo, ko za a sayi sabon abu. Ka yi ƙoƙari a sa da kai tun kafin a sa hannu. Tambayoyinka kaɗan ne: wace wuta take ci, akwai littafin gyara ban da na sarrafawa, wa ke sayar da kayan gyaranta a ƙasar nan, abubuwan da take ci kullum nawa ne kuma a ina ake samu, tana da rajistar NAFDAC, wa zai koya wa ma'aikata. Na ga injin gwajin jini sabo fil da ya yi wata huɗu yana aiki, ruwan sinadarinsa ya ƙare, aka tarar sai daga ƙasar waje, ya shekara biyar a lulluɓe. Mai kyauta ya yi don Allah, amma gaya masa abin da kuke bukata tun farko ya fi masa lada kuma ya fi muku amfani. In za ka rubuta wa shugabanni neman kuɗi, kada ka cika takarda da sunayen kayan gyara. Ka ce musu kwansantireta huɗu cikin tara ba sa kai kashi 82, ga kuɗin gwangwanayensu, ga abin da ake kashewa wajen ciko silinda a wata saboda rashinsu. Wannan harshen suke ji.

Game da karatu, ni lantarki na karanta, aikin asibiti a bakin aiki na koye shi wurin wani dattijon ma'aikaci da ba shi da digiri amma ya san kukan kowane inji. Yanzu akwai digirin fannin kansa a jami'o'i irin su Ilori da Legas, akwai kuma makarantun horar da masu fasahar a asibitocin koyarwa na Zariya da Legas. Ko ta wace ƙofa ka shigo, ka nemi rajistar COREN, hukumar rajistar injiniyoyi ta Najeriya, idan lokacinta ya yi, ka koyi ɗan ilimin jikin ɗan Adam yadda za ka gane abin da likita ke nufi, kuma ka saba da karanta littafin gyara da Turanci daga bango zuwa bango. 'Yan mata kuma ku shigo. Akwai ɗakunan haihuwa da mace za ta shiga ta yi aiki a sake, inda ni sai na tsaya a ƙofa an gyara labule.

Idan ka gama gyara, kada ka aika masinja ya mayar. Ka bar na'urar ta yi aiki a teburinka awa ɗaya ko biyu, ka sake aunawa, ka goge ta, ka manna takarda mai kwanan wata da sakamakon awo da ranar dubawa ta gaba. Ka tura ta da kanka zuwa ɗakin, ka kunna a gaban Sista mai kula da ɗakin, ka nuna mata abin da ya lalace da yadda za a kauce masa, ta sa hannu a littafinka. Wadda ba ta gyaru ba ka ɗaura mata jan ƙyalle, ka fitar da ita daga ɗakin gaba ɗaya, don da tsakar dare mai neman ceton rai duk abin da hannunsa ya kai shi zai jona. Washegari da safe, kafin ka buɗe ofis, ka biya ta ɗakin da ma'auninka a aljihu, ka tambayi masu aikin dare yadda ta kwana.